Furotin ApoE Mai Dakon Kitse da Lafiyar Masu Haƙar Zinare a Tchibarakaten

Tsakure

Wannan takarda ta dubi furotin ɗin da ake kira Apolipoprotein E, ko ApoE a taƙaice, wanda ke dakon kitse a cikin jini da ƙwaƙwalwa. Ta bayyana nau'o'insa uku da ake gada, da yadda nau'in E4 ya yi ƙaurin suna a Turai da Amurka wajen cutar mantuwa, alhali binciken Ibadan ya nuna ƙarfinsa bai kai haka ba a Afirka ta Yamma. Hujjar takardar ita ce illar E4 ta dogara da abin da ya tarar a rayuwar mai shi, kuma mahaƙar zinare ta Tchibarakaten ta tara wa samari abubuwan da ake zargin suna tayar da wannan illa: hayaƙin zaiba, buguwar kai da sauyin cima. A ƙarshe ta kawo shawarar abin da ya kamata a fara yi, da irin binciken da ya dace da wurin.

Gabatarwa



Tun 2014 da aka gano zinare a Jado, sannan a Tchibarakaten da ke arewacin jihar Agadas dab da iyakar Aljeriya, samari ke kwarara can daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, daga arewacin Najeriya, har daga Cadi, Sudan, Mali da Burkina Faso. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, jama'a da yawa suka karkata zuwa sauran mahaƙun yankin. Aikin wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Zinaren Jado yana kusa da saman ƙasa, na'ura ce ke nuna inda yake. Na Tchibarakaten kuwa yana cikin jijiyar dutse, sai an yi rami mai zurfi, an fasa dutsen, an fito da shi a buhu, an niƙa, kafin a kama zinaren da zaiba ko sayanayid. Ruwa da mota ake kai shi, wani kaso na dutsen kuma ana loda shi zuwa Arlit da Agadas a sarrafa.

In aka tayar da zancen lafiya a mahaƙa, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne ruftawar rami, ƙura, ƙishirwa da ƴan fashin hanya. Haka ne kuwa. Ba mu manta da ramin da ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a watan Nuwamba 2021 ba, inda aƙalla mutum 18 suka rasu, ko gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Waɗannan ido yana ganin su. Abin da na zo da shi yau shi ne wanda ba ya nuna kansa sai bayan shekara 20 ko 30, lokacin da saurayin ya koma ƙauyensu ya zama magidanci, hannu ya fara rawa, ya fara manta sunan jikokinsa, a ce gigin tsufa ne ya zo masa da wuri.

Aikin ApoE a cikin jini

Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa mafi yawansa ruwa ne. Don haka jiki ke dunƙule kitse da kolestarol ƙanana ƙanana, ya lulluɓe su da furotin, su yi tafiya a haka. Waɗannan dunƙulen su ne lifofurotin. Akwai wanda hanji ke haɗawa bayan an ci abinci, akwai VLDL da hanta ke fitarwa, akwai LDL da HDL da likitoci ke rubutawa a takardar gwajin jini. Lamarin ya yi kama da ayarin gishiri daga Bilma: kaya na iya yawa, amma in mai tsaron ƙofar gari bai san madugu ba, ayari a waje zai kwana. ApoE ne madugun. Shi ne makarɓan da ke jikin hanta suke ganewa, su kama shi, su shigar da ragowar kitsen ciki, jini ya washe. Ɗaya daga cikin waɗannan makarɓai shi ne na LDL, wanda Michael Brown da Joseph Goldstein suka samu kyautar Nobel a kansa a 1985.

Virgie Shore da Bernard Shore ne suka fara bayyana furotin ɗin a Amurka a 1973. Sarƙa ce ta amino asid 299, ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi kuma tana kan kuromosom na 19. Mafi yawan wanda ke yawo a jini hanta ce ke yin sa. A ƙarshen shekarun 1970 Gerd Utermann na Jamus ya nuna cewa ba iri ɗaya ne a jikin kowa ba, daga bisani aka tabbatar da nau'i uku: E2, E3 da E4. Kowa yana gadon ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Bambancin da ke tsakaninsu ɗan ƙanƙani ne, a gurbi biyu kacal cikin 299, wato na 112 da na 158. E2 yana da sistin a duka biyun. E3 yana da sistin a na farko, arjinin a na biyu. E4 arjinin ne a duka. Ina roƙon a riƙe wannan, domin a kansa zancen zaiba zai tsaya nan gaba.

Wannan ɗan bambanci yana da sakamako. E2 ba ya kama makarɓin LDL da kyau, ƙarfin kamunsa bai wuce kashi 2 cikin 100 na E3 ba. Sai mutum ya ɗauka duk wanda ya gaji E2 biyu jininsa zai cika da kitse. Ba haka ba ne: mafi yawansu lafiya lau suke, kolestarol ɗinsu ma ƙasa yake da na sauran mutane. Ƙalilan ne, ƙasa da 1 cikin 10, ke kamuwa da cutar taruwar ragowar kitse, kuma sai wani abu ya haɗu da gadon, kamar ƙiba, ciwon suga ko raunin maƙoƙo. Tun daga nan ApoE ya nuna halinsa: gado shi kaɗai ba kasafai yake kayar da mutum ba, sai ya samu abokin aiki. E4 shi kuma ya fi son maƙalewa a manyan dunƙulen VLDL, masu shi kan fi yawan LDL a jini, haɗarin toshewar jijiyar zuciya kuma ya ɗan ɗaga a gare su. Wanda ke son ganin muhimmancin furotin ɗin gaba ɗaya sai ya dubi ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadonsa a 1992, a ɗakunan binciken Jan Breslow da Nobuyo Maeda: ko da abincinsu na yau da kullum, kolestarol ya hau, jijiyoyinsu suka cushe.

A cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kolestarol ɗin jiki a cikinta yake. Da shi ake yin rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, da shi ake gyara mahaɗarsu. Kolestarol ɗin jini ba ya tsallake shingen da ya raba jini da ƙwaƙwalwa, saboda haka ita ke yin nata, kuma ita ke yin nata ApoE, galibi daga ƙwayoyin da ake kira astarosait, masu hidimar jijiyoyi. An ga tabbacin wannan a jikin waɗanda aka yi wa dashen hanta: ApoE na jininsu ya koma irin na wanda ya ba da hantar, na ruwan ƙwaƙwalwarsu kuwa ya zauna yadda suka gada.

Idan jijiya ta ji rauni, yawan ApoE kan tashi a wurin, ya kwashe kitsen ƙwayoyin da suka mutu, ya kai wa masu sake tsiro. Yana kuma da hannu wajen kwashe wani furotin mai danƙo da ake kira amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. A duka ayyukan biyu E4 ya fi sauran rauni. A 1993 ayarin Allen Roses a Jami'ar Duke suka nuna alaƙar E4 da wannan cuta. A tsakanin Turawa, mai E4 ɗaya haɗarinsa ya ninka kusan sau 3, mai biyu ya haura sau 10. Tun daga lokacin E4 ya zama sunan da ake tsoro. A yau ma sababbin magungunan cutar, irin su lecanemab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, ana shawartar a gwada nau'in ApoE kafin a ba da su, domin masu E4 biyu sun fi saurin samun kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa.

Abin da Ibadan ta koya wa duniya

A nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye, kuma a nan zan ɗan daɗe.

E4 shi ne tsohon nau'i, wanda kakannin ɗan Adam na farko suke da shi. E3 da E2 daga baya suka ɓullo. A duniya gaba ɗaya E3 ya kai kusan kashi 78 cikin 100, E4 kusan 14, E2 kusan 8. Amma rabon ba daidai yake ba. A kudancin Turai E4 kaɗan ne, a arewacinta ya fi yawa, a wasu al'ummomin dajin tsakiyar Afirka da na kudancinta kuwa ya kusa kashi 40. Da a ce illar E4 ɗaya ce a ko'ina, da Afirka ce cibiyar cutar mantuwa.

A 1992 aka fara wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana, a ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Hugh Hendrie, daga baya Farfesa Adesola Ogunniyi ya riƙe ɓangaren Ibadan. Sun bi dattawa Yarbawa a Ibadan da dattawa baƙar fata a birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya, shekara da shekaru. Yawan E4 a wuraren biyu kusan ɗaya ne, kashi 20 da ɗoriya, wanda ke nufin kusan mutum 2 cikin 5 suna ɗauke da aƙalla guda. Amma sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.15 cikin 100 na dattawan Ibadan ke kamuwa da Alzheimer, na Indiyanafolis kuwa kashi 2.52. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, a rahotanninsu na 1995 da 2006 ba su ga wata alaƙa tsakanin E4 da cutar a Ibadan ba. Sai a 2014, da shekaru suka ƙaru kuma adadin mutanen ya ƙaru, alaƙar ta bayyana, musamman ga masu E4 biyu, ita ma ba da ƙarfin ta Amurka ba.

Bayani biyu ake bayarwa, kuma ba sa karo da juna. Na farko gado ne. Binciken Farid Rajabli da abokansa a Jami'ar Miami a 2018 ya nuna cewa ɓangaren kuromosom ɗin da ke kewaye da E4, in asalinsa na Afirka ne, haɗarin ya fi sauƙi a kan wanda asalinsa na Turai ne. Na biyu rayuwa ce. Dattawan Ibadan na wancan lokacin ba su kai na Amurka yawan kolestarol, hawan jini da ciwon suga ba. Cimarsu doya, masara da wake ce, kuma da ƙafa suke zirga-zirga.

Akwai ma alamun cewa a wasu yanayi E4 taimako yake yi. A unguwannin talakawa na Fortaleza a Birazil, Reinaldo Oriá da Richard Guerrant sun ga cewa a cikin yaran da gudawa ta fi addaba suna jarirai, masu E4 sun fi kaifin basira daga baya. A tsakanin mutanen Tsimane na Bolibiya, wani bincike na 2017 ya nuna masu E4 da ke fama da tsutsar ciki mai yawa ba su yi ƙasa a gwajin tunani ba, sun ma fi takwarorinsu. A 2017 ɗin dai, wani bincike a karkarar arewa maso gabashin Gana ya samu matan da ke da E4 sun fi haihuwa a inda ruwan sha ya fi ƙazanta. Fassarar da ta fi kwanta mini ita ce: a inda yunwa da cututtuka suka yi yawa, nau'in da ke riƙe kitse a jini kuma yake saurin tayar da garkuwar jiki riba ce. Sai yanayi ya juya sannan ribar ta koma asara.

Kuskure biyu nake jin tsoro a nan. Ɗaya shi ne mu kwafo alƙaluman Turai mu ɗora wa mutanenmu. Ɗayan shi ne mu ji labarin Ibadan mu saki jiki, mu ce E4 ba ya yi wa baƙar fata komai. Dattawan Ibadan Yarbawa ne, an haife su a farkon ƙarni na 20, ba su taɓa shaƙar hayaƙin zaiba kullum ba. Bahaushe, Buzu, Batube da Bazabarme da ke cikin rami a Tchibarakaten, asalinsu daban, zamaninsu daban, abin da jikinsu ke gamuwa da shi daban.

Zaiba

Yadda ake aikin sananne ne. A niƙa dutse ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba a murza da hannu har ta haɗiye zinaren, a tace a ƙyalle, a samu ɗan dunƙule. Sai a ɗora shi a wuta, zaibar ta tashi hayaƙi, zinare ya rage. Mai saye ma sau da yawa yakan sake ƙonawa a shagonsa don ya tabbatar da nauyi. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce ƙananan mahaƙan zinare ne kan gaba wajen sakin zaiba a iska, da kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke saki.

Tururin zaiba ba shi da wari, ba shi da launi. Kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa huhu na tura shi cikin jini. Da yake yana narkewa a kitse, shingen ƙwaƙwalwa ba ya tare shi. Da ya shiga sai jiki ya sauya masa siffa zuwa wadda ba ta iya fitowa da sauƙi, ya zauna shekaru. Alamominsa rawar hannu, kumburin dasashi, yawan yawu, rashin barci, saurin fushi, jin kunya marar dalili da mantuwa. Ƙoda ma tana tara shi, har furotin ya fara zuba a fitsari.

To ina ApoE ya shigo? Zaiba tana da tsananin son farar wuta, duk inda ta same ta sai ta maƙale. Sistin kuwa amino asid ne mai ɗauke da farar wuta. E2 na da biyu, E3 na da ɗaya, E4 ba shi da ko ɗaya. Daga nan Boyd Haley na Jami'ar Kentaki da abokan aikinsa suka kawo hasashe a shekarun 1990 cewa E2 da E3 na iya kama zaiba su fitar da ita daga ƙwaƙwalwa, E4 kuwa ba zai iya ba. An gwada batun a wurare da dama. A Taiwan, a 2013, an ga cewa jariran da aka haifa da zaiba mai yawa a jinin cibiya, masu E4 daga cikinsu sun fi nuna jinkirin ci gaba. A Fotugal, a cikin yaran da aka yi wa cikon haƙori mai zaiba, an ga wata alaƙa makamanciya a tsakanin maza. A kogunan Amazon na Birazil, inda haƙar zinare ta gurɓata kifi, ayarin Maria Elena Crespo-López sun bi wannan layi a tsakanin mazauna bakin kogi.

Ya kamata a faɗi gaskiyar matsayin wannan hujja. Binciken ƙanana ne, sakamakonsu bai zo ɗaya ba a kowane ma'auni, kuma da yawansu a kan zaibar da ake ci a kifi suke, wadda tafiyarta a jiki ta bambanta da ta hayaƙi. Ni kaina ban gamsu da cewa kamun sistin shi ne dukan labarin ba, domin jiki na da wasu masu kama zaiba da suka fi ApoE yawa nesa ba kusa ba, kamar gulutatayon da metalotayonin. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne hanya ta biyu: zaiba tana lalata jijiya, ApoE ne ke kai kayan gyara, kuma mun riga mun san E4 mai jinkirin gyara ne, mai saurin tayar da kumburi. Ko ta wace hanya ce, tambayar tana da nauyi, kuma inda ake ƙona zaiba da hannu kowace rana a nan ya dace a yi ta.

Buguwar kai, cima da ƙoda

Rami mai zurfi da igiya da dutse mai faɗowa, ga doguwar tafiya a bayan mota a kan hamada: buguwar kai ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. A 1997 Graham Teasdale na Gilasgo ya ba da rahoton cewa masu E4 sun fi samun mummunan sakamako wata 6 bayan raunin kai. Da ya faɗaɗa binciken a 2005 tasirin ya ragu, amma ya fi fitowa a tsakanin yara da matasa. A 1997 ɗin dai Barry Jordan ya nuna cewa a cikin ƴan damben Amurka da suka daɗe suna fafatawa, masu E4 sun fi nuna lalacewar ƙwaƙwalwa. Wannan ya kamata ya ja hankalin masu kula da damben gargajiya a Kano, Sakkwato da Maraɗi su ma.

Cima ita ma ta sauya. Saurayin da ya tashi da tuwon hatsi, fura da miyar kuka, a mahaƙa taliya ce da shinkafa da mai, kifin gwangwani, madarar gari, shayi mai sukari da taba sigari. Yana cikin rami aikin ƙarfi na ƙone abin da ya ci. Wanda Allah ya ba sa'a ya samu, ya koma gari ya zauna a shago ko ya sayi mota, shi ne ƙiba da hawan jini da suga ke jira. Wato kariyar nan da dattawan Ibadan suka samu daga rayuwarsu, ita ce ke zubewa a hannun wannan tsara.

Zan ɗan ratse in ambaci wani ɗan'uwan ApoE da ke tafiya a kan HDL, wato ApoL1. Ayarin Etienne Pays a Beljiyam sun gano a 2003 cewa shi ne ke kashe ƙwayar cutar sammore a jinin mutum, shi ya sa ƙudan tsando ke kayar da shanu da wasu nau'o'in cutar da ba sa kama makiyayi. A 2010 aka gano wasu nau'o'insa biyu, G1 da G2, da suka yawaita a Afirka ta Yamma, waɗanda ke ƙara kariya daga ciwon barci amma suke raunana ƙoda. Babban binciken H3Africa da aka buga a 2024, a kan mutum fiye da 8,000 a Gana da Najeriya, ya samu kusan kashi 30 cikin 100 suna da biyu, kuma haɗarin ciwon ƙoda ya ɗaga a gare su, har ma ga masu guda ɗaya. Shi ma yawanci sai ya samu abin da ya tayar da shi, kamar cutar ƙanjamau. Mutumin da ke aiki cikin zafin Sahara, ruwa na kuɗi, yana shan maganin ciwon jiki ba ƙa'ida, ga zaiba na taruwa a ƙodarsa, ya cancanci a duba shi ta wannan fuska.

Abin da ya kamata a yi

Ba na goyon bayan a je mahaƙa a gwada mutane don a ce wa wani kai mai E4 ne, bar aikin nan. Hujjar ba ta kai can ba. Ko da ta kai, sakamakon zai zama makami a hannun mai rami ya kori wanda ya ga dama, ko a hannun dangin yarinya su hana aure. Mun ga yadda gwajin sikila, mai amfani ƙwarai, yake buƙatar nasiha da sirri kafin ya zama alheri. Sannan zaiba ba ta ƙyale mai E3 ba. Kariyar da za a yi ta kowa ce.

Ta farko ita ce rufaffiyar tukunyar ƙona zaiba mai bututu, wadda tururin ke bi ya huce ya koma ruwa. Maƙerin Agadas ko Arlit zai iya haɗa ta da bututun famfo, kuma in an yi amfani da ita daidai tana mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na zaibar. Mahaƙi zai karɓe ta da sauri in aka nuna masa cewa zaibar da yake saye da tsada ce ke dawo masa. A ware wurin ƙonawa nesa da wurin kwana da girki, a hana yara da mata masu ciki kusantar sa, musamman a wuraren sarrafawa na cikin gari. Hular kwano ga mai shiga rami. Nijar da Najeriya duk sun shiga Yarjejeniyar Minamata da ta fara aiki a 2017, wadda ta wajabta wa ƙasashe masu irin wannan haƙa su tsara yadda za su rage zaiba, har da ɓangaren lafiyar mahaƙa. Ƙofar neman tallafi ke nan.

Sai bincike. Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki rukunin mahaƙa a bi su shekaru, kamar yadda Ibadan ta yi. A raba su bisa aikinsu: mai shiga rami, mai niƙa, mai ƙonawa, mai saye, da ɗan kasuwar da ba ya taɓa zaiba. A auna zaiba a fitsari, domin shi ne ma'aunin da ya dace da hayaƙi, gashi kuwa ya fi dacewa da ta kifi. A auna furotin a fitsari, hawan jini, suga da kitsen jini. A yi gwajin rawar hannu da na tunani da Hausa da Tamashek da Tubanci, irin wanda bai dogara da karatun boko ba. Ibadan ta riga ta nuna hanya da tambayoyin da aka tsara don wanda bai yi makaranta ba, tare da jin ta bakin danginsa. Nau'in ApoE da ApoL1 ana iya gano su daga yawu ko ɗigon jini a busasshiyar takarda, wanda ke jure tafiya ba tare da firji ba.

Babbar wahalar ita ce mahaƙi ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana Tchibarakaten, baɗi yana Tabelot ko Mali ko gida. Don haka tun ranar farko a rubuta garinsu, sunan mai unguwarsu da lambar wani ɗan'uwa, a kuma haɗa hannu tsakanin Jami'ar Agadas, Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CERMES a Yamai, jami'o'in Maraɗi da Damagaram, da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, tunda can ne mutanen za su koma. Neman yarda a yi shi da baki, da harshen mutumin, a gaban shaida, a gaya masa sarai abin da za a ɗauka da inda za a ajiye shi. Duk wanda aka samu zaibarsa ta yi yawa ko ƙodarsa ta fara zubar da furotin, a gaya masa nan take a tura shi ga likita, kada a jira ƙarshen bincike. Samfurin kuma a ajiye shi a Nijar, in za a aika wani ɓangare waje a yi da yarjejeniya a rubuce da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa.